Shagon kayan gwaji da ya kai kiristal ɗina awo: kayan sun yi, awon ya yi, sharhin ne na yi da-na-sani

Mutum huɗu ke nan cikin wata guda suka tare ni da tambaya iri ɗaya: ina na sayi kayan aikina, kuma wa ya auna mini kiristal ɗin da na raina? Na gaji da ba da labarin a tsaye a bakin aji, shi ya sa na zauna na rubuta. Ina koyar da fiziks a wata sakandare a nan Bauchi, ina kuma haɗa digiri na biyu. Shagon yana cikin gari, mai ƙofa biyu ne, yana sayar wa makarantu da ƙananan asibitoci kayan ɗakin gwaji. Ba zan kama suna ba, domin akwai yabo a bakina akwai kuma ƙorafi, mutumin kuwa bai cancanci tozarci ba. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, kowa Alhaji yake ce masa. Sana'arsa biyu: yana sayar da kaya, yana kuma karɓar samfur ya aika manyan ɗakunan gwaji na wasu garuruwa, sakamako ya dawo ta hannunsa. Wata 11 na yi ina hulɗa da shi a kan duka biyun.

Wanda ba ɗan fanninmu ba, ga abin da nake yi a taƙaice. Akwai wani gishiri da ake kira KDP, haɗin potasiyam da fosfet. Manoman rani da ke zuba taki a ruwan ban-ruwa sun san ɗan'uwansa mara tsabta, wanda ake rubuta 0-52-34 a buhunsa. Idan aka narkar da mai tsabtar a ruwa har ruwan ya ƙoshi, aka rataya ƙwaya ɗaya a ciki aka bar ruwan yana ƙafewa a hankali, ƙwayar za ta yi ta girma har ta zama dunƙule ɗaya garau kamar gilashi, mai bango huɗu, kansa da gindinsa kuma tsini kamar dalar gyaɗa. Atom ɗin da ke ciki a jere suke a sahu ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu inda sahun ya karye. Abin da ake nufi da kiristal guda ke nan. Darajarsa a wajen haske take: idan hasken lesa mai tsawon zango nanomita 1064 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), wanda ido ba ya gani, ya ratsa shi ta kusurwar da ta dace, wani kaso yana fitowa kore shar mai 532. Babbar cibiyar lesa ta Livermore da ke Kalifoniya a Amurka, mai bakin haske 192, wadda a ranar 5 ga Disamba 2022 ta samu makamashin haɗe atom fiye da wanda lesar ta zuba, da faifan wannan gishirin take sauya launin haskenta. A da shekara biyu ake yi ana rainon dunƙule ɗaya mai girman da suke so, daga baya aka samo dabarar da ta mayar da shi wata biyu. Nawa bai wuce babban yatsa ba, amma jinin ɗaya ne.

Aikina shi ne in sa ƙwayoyin nano, wato masu girman 'yan nanomita, na semikondakta (abin da ke barin lantarki ya wuce kaɗan-kaɗan) su shige cikin kiristal ɗin yayin da yake girma, sannan in auna ko sun sauya masa hali. Tunanin tsoho ne. Tun farkon shekarun 1980 Ekimov ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyi da aka tsare cikin gilashi suna sauya irin hasken da suke sha gwargwadon ƙanƙantarsu, aikin da ya kai shi da Brus da Bawendi ga kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Sai dai gilashi ba ya da sahu, komai aka jefa masa sai ya haɗiye. Kiristal kuwa ɗan tsari ne, duk baƙon da bai dace da sahunsa ba ture shi yake yi. Wannan turewar ita ce duk wahalar aikin, kuma ita ce shagon nan bai fahimta ba lokacin da aka zo rubuta sharhi.

Zan fara da kaya, don nan ne ya fi ƙarfi.

Ranar farko na je da nufin sayen garin ZnO, haɗin zinc da oksijin, saboda shi na fi gani a takardun da na karanta, kuma yana da shi a kanta. Sai na tuna ruwan KDP mai tsami ne, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, bai fi 4 da ɗoriya ba. Na faɗa wa Alhaji shakkata. Bai yi gardama ba, bai kuma yi mini daɗin baki don ya sayar ba. Ya ɗebo ɗan kaɗan a bakin cokali ya ƙulle mini a takarda, ya ce, “Malama, je ki jarraba, in ya yi ki dawo ki saya.” Bai yi ba. ZnO ba ya jure tsami, narkewa yake yi, zinc ɗin ya haɗu da fosfet ya zama wani abu daban. Wanda ya raini kiristal a irin wannan ruwan ya ce ya sa ƙwayoyin ZnO a ciki, to da sake. CdS kuwa, haɗin kadmiyam da salfa, na ƙi shi tun daga nesa, kadmiyam guba ne, ni kuma a gida nake aikin ga yara. Muka tsaya a kan TiO2, haɗin titaniyam da oksijin, wanda tsami irin wannan ba ya yi masa komai. Ba shi da shi, ya yi odarsa, ya iso cikin mako uku a kwalba rufaffiya, da tambarin kamfani da lambar rukunin da aka sarrafa shi. An rubuta anatas ne, wato ɗaya daga siffofin TiO2, ƙasa da nanomita 25. Daga baya awo ya gaskata rubutun.

KDP ɗin ne ya zo da magana. Iri biyu ne a shagon: na roba rufaffiya mai hatimi, da wanda ake aunawa daga wani babban bokiti a zuba a leda, farashinsa bai kai rabin wancan ba. Arha ta ja ni. Yaron shago ya rantse mini abu ɗaya ne, robar ce kawai bambanci. Kiristal ɗin da suka fito daga na ledar sirara ne, suna tsukewa ta sama kamar tsinken sakace, tsawo suke yi ba sa ƙiba. Wannan alama sananniya ce: idan akwai ɓurɓushin ƙarfe ko alminiyam a ruwan, kan bangayen nan huɗu suke maƙalewa su hana su girma, tsinin dala kuwa ya ci gaba da tafiya. Sai da na narkar da gishirin na sake fitar da shi sau biyu kafin ya fara hankali, na yi asarar kusan rabinsa da mako uku. Da na koma na nuna wa Alhaji siraran, ya juya su a tafin hannu, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, ya ce na bokitin don aikin ɗaliban sakandare ne. To amma babu abin da aka rubuta a jikin bokitin, har jiya da na leƙa. Duk mai aikin bincike ya nemi na hatimi, ya duba hatimin da idonsa. Haka ruwa: ya ce tataccen ruwa na lab yake so, kada a miƙo masa na batir. Bika, wato kofin gilashin lab, da takardar tacewa da takardar gwada tsami duk masu kyau ne, ba ni da abin cewa.

Abin da ya sa har gobe nake ganin girman dattijon nan shi ne maganar zafi. Gwajina na farko a kan durowa na yi shi, cikin Disamba, hunturu ya kankama. Na rufe bika da leda na huda ƙofofi, na kwanta da murna. Da asuba na tarar da gindin bikar fal ƙananan allurai, ƙwayar da na rataya kuma ta yi gashi kamar bushiya. Lissafin a fili yake. Ruwa mililita 100 yana ɗaukar giram 22.6 na KDP a zafin digiri 20, a digiri 30 kuma wajen 28. Ɗakin da ya yi ɗumi da la'asar ya wayi gari da sanyin Bauchi na hunturu zai sa ruwan ya amayar da kusan giram 5 a dare ɗaya, ba ya kuma jiran ƙwaya ɗaya ta karɓa, ko'ina yake zubarwa. Ga busasshiyar iska tana zuƙe ruwan da gaggawa. Na koma shago na tambayi kuɗin bahon ɗumi na lab, mai riƙe zafi wuri ɗaya. Akwai ɗaya a sama cikin kwali, kuɗinsa ya fi albashina na wata uku. Alhaji ya tambaye ni awa nawa muke samun wuta a unguwarmu. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, “In na sayar miki da wannan na cuce ki. Wata guda kike so ya yi bai huce ba, wa zai ba ki wutar?” Sai ya ce in je wajen masu kayan kiwon kaji in sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da batir da sola, in cire abin juya ƙwan.

Shawarar nan ita ta ceci aikina, kuma ko sisi bai ci a kanta ba. Injin yana tsayawa a digiri 37.5 dare da rana. Bai kai bahon bincike daidaito ba, yana ɗan hawa da sauka, fankarsa kuma tana kaɗa ruwa, sai da na shimfiɗa soso a ƙarƙashin bika. Amma ya wadatar. Na narkar da kusan giram 100 a ruwa mililita 300, na tace, na rataya ƙwayar irin da zaren fatsa, na huda leda sau biyar da allura. Kwana 26 na samu kiristal mai tsawon santimita 3, garau, har ana karanta rubutu ta cikinsa. Surukata ta yi mako tana zagaya injin tana tambayar Baban yara wane irin ƙwai ne wannan da ba a juyawa.

Na mai TiO2 ya fi ba da wuya. Miligiram 10 na zuba a giram 100 na gishiri, wato kashi 0.01 cikin ɗari. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Ƙwayoyin nano ba sa son ruwa mai gishiri da yawa, cuɗewa suke yi su yi nauyi su kwanta. Na ari ɗan bahon girgiza irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi, a wajen wani tsohon ɗalibina da ke Wunti, na girgiza rabin awa kafin in sa iri. Duk da haka bayan kwana biyu akwai farin shimfiɗe a gindin bikar. Wato mafi yawan abin da na zuba ma bai kai ga kiristal ɗin ba.

Yanzu sai aiken samfur. Tsarinsu mai sauƙi ne: ka kawo a ambulan, a rubuta maka rasidi, ka biya, su ba direba a tasha. Na biya naira dubu 15 kan kowane samfur na XRD, wato awon jerin atom da hasken eksire, sauran gwaje-gwajen ƙasa da haka kaɗan, sai dubu 10 na abin da suka kira sharhi, wato wani can ya dubi sakamakon ya rubuta maka ma'anarsa. An ce mako biyu, ya ɗauki biyar. Ban riƙe wannan a zuci ba, don Alhaji da kansa ya kira ni sau biyu ya ce na'urar can ta tsaya, bai bar ni ina sintiri ba. Shirya kayan ma ya burge ni. KDP ba ya son damshi, ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya, yana iya tsagewa. Ya naɗe kowanne da auduga, ya sa a robar magani da ɗan ƙullin nan mai shan damshi, ya rubuta lamba a jiki da murfi. Babu wanda ya fashe a hanya.

Awon XRD ɗin kansa mai kyau ne. Ana daka samfur ya zama gari, a haska masa hasken eksire mai tsawon zango angistiram 1.5406 (angistiram 10 ne nanomita 1), a auna kusurwoyin da hasken ke dawowa da ƙarfi. Kowane abu da jerin tsininsa a zanen sakamakon, kamar zanen yatsa. Na KDP sun fito inda ya kamata: digiri 17.4, da babban a 23.9, da 30.7. Na lissafa girman ɗakin atom daga gare su na samu abin da littafi ya ce, wajen angistiram 7.45 a faɗi da 6.97 a tsawo. Garin TiO2 da na aika shi kaɗai ya ba da tsini mai faɗi a 25.3, shaidar anatas, da ɗan ƙarami a 27.4 da ke nuna akwai ɗan rutayil, wata siffar TiO2 ɗin, a ciki. Faɗin tsinin digiri 0.4 ne, wanda a lissafin Scherrer na 1918, mai fitar da girman ƙwaya daga faɗin tsini, ya ba da kusan nanomita 20. Abin da ke jikin kwalba ke nan. Wani abin sha'awa, Scherrer ɗin nan shi ne wanda tare da Busch suka gano a Zurik a 1935 cewa KDP yana samun wata ɗabi'ar lantarki ta musamman idan aka sanyaya shi ƙasa da kelbin 123, wato kusan digiri 150 ƙasa da sifili. Mutum ɗaya ya tsaya mini a bakin ƙofa biyu.

Sai dai da farko hoto kawai aka turo mini, zanen tsini a takarda. Da hoto ba ka iya auna faɗi, ba ka iya ɗora wannan a kan wancan. Sai da na nace kwana huɗu kafin aka turo fayil ɗin ɗanyen alƙaluma. Yaron shago ya ce ni ce ta farko da ta taɓa tambaya. Wannan magana ta fi jinkirin tayar mini da hankali.

Ga sharhin da na biya dubu 10. Shafi uku ne da Turanci mai santsi. Ya ce sakamakon ya tabbatar ƙwayoyin nano sun shiga kiristal ɗin cikin nasara. Na duba zanen mai TiO2 sama da ƙasa, babu ko alamar tsini a 25.3. Ba kuma zai yiwu a gani ba: XRD na gari da ƙyar yake hango abin da bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, ni kuwa 0.01 na zuba, mafi yawansa ma yana gindin bika. Kamar a jefa ƙwayar gero ɗaya a tiya a ce wai an gane ta da ɗaga kwano. Hujjar da marubucin ya kawo ita ce wai tsinin 23.9 ya gusa da digiri 0.1. Da ɗanyen alƙaluma suka zo na ga duk tsinin sun gusa tare, gefe ɗaya, abin da ke faruwa idan garin bai zauna daidai da bakin faranti ba. Ƙwayar nanomita 20 ma ba ta da inda za ta zauna a ɗakin atom da bai kai nanomita 1 ba, balle ta buɗa shi. In ta shiga, tsakanin shimfiɗun girma take maƙalewa.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki lissafin Scherrer ya ɗora a kan tsinin KDP, ya samu nanomita 45, ya rubuta cewa wannan ne girman ƙwayoyin nano. Tsinin na gishirin ne da aka daka a turmi, siririn faɗinsa kuma mafi yawansa na na'urar ce. Ya kuma ce an ga tasirin ƙanƙanta irin na Ekimov, alhali TiO2 sai ya sauko zuwa 'yan nanomita ƙalilan kafin wannan ya bayyana, a 20 halinsa na babba ne. A shafi na uku, layi na biyu, sai ga ZnO a inda ya kamata a ce TiO2. Nan na gane rigar wani aka cire aka sa mini, ba a ko rage wuya ba. Da na miƙa wannan a matsayin babi na huɗu na kundin digirina, malamin waje mai jarrabawa ba zai wuce minti biyar ba ya kwance mini zani a kasuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwajin haske. Don a auna yawan hasken da ke ratsa kiristal, sai an yanka faifai an goge. Da jiƙaƙƙen zare na yanka, a hankali, ruwan zaren yana cin gishirin, sannan na goge a kan ƙyalle mai laushi har fuskar ta yi sheƙi. Kwana uku na yi a kan faifai biyu masu kaurin milimita 2. Sakamako ya dawo yana cewa kashi 99 na hasken ya wuce. Na san ba zai yiwu ba. Abu mai lanƙwasa haske kamar KDP, wajen 1.5, kowace fuska tana mayar da kusan kashi 4, fuska biyu 8, don haka ko mafi tsabtar faifai ba zai wuce 92 ba. Na je shago na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, a taimaka a haɗa ni da wanda ya yi awon nan.” Ya kira a gabana ya miƙo mini wayar. Saurayin can ya amsa ba tare da wata damuwa ba: na'urarsu ta ruwa ce, faifan bai shiga kwalbar awo ba, sai ya narkar da shi. Kwana 26 na raino da uku na guga, ya kaɗa su a ruwa da sandar gilashi. Na rasa abin faɗa, na miƙa wayar.

A nan ma dattijon ya nuna halinsa. Bai ce laifin na can ne ba ruwansa. Ya ce shi ya karɓa, shi ya kamata ya tambaya. Ya mayar mini da kuɗin gwajin da na sharhin, ya nemo wani ɗakin gwaji mai maƙalin faifai, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa. Kuɗi sun dawo, faifan dai bai dawo ba, sai da na sake wata guda. A awo na biyu mai tsabtar ya ba da kashi 80 da ɗoriya, yana buɗe har kusa da nanomita 200, daidai da gugar hannu. Mai TiO2 ya ɗan yi ƙasa, raguwar kuma tana ƙaruwa ta wajen gajeren zango, alamar akwai abin da ke warwatsa haske a ciki. Ban ga gaɓa a nanomita 388 ba, inda anatas ke fara shan haske, kuma da ɗan abin da ya shiga ban yi tsammaninta ba.

FTIR, awon da ke gano sinadarai ta yadda suke shan hasken infared, asarar kuɗi ce a wannan aikin, zane biyun kamar tagwaye, fosfet ya rufe duk inda TiO2 zai leƙo. Laifina ne, ni na nema don na ga kowa yana sa shi. SEM, madubin ƙara girma mai aiki da elektiron, ya ba da hotuna masu kyau na matakalar girma a fuskar dala. Awon sinadaran da ke tare da shi ya ga titaniyam a bayan kiristal, inda gari ya manne, bai gan shi a fasasshen ciki ba, shi ma ƙasa da kashi 0.1 ba ya gani.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ba ta ci ko dubu 5 ba: ɗan lesa kore irin na masu gabatar da lacca, shi ma a shagon na saya. Wani abin dariya, koren nasa ma daga wani kiristal ɗan'uwan KDP yake fitowa, KTP, da dabarar nan ta mayar da 1064 zuwa 532. Na kashe fitila na haska mai tsabtar, hasken ya shige ba a ga sawunsa ba. Na haska mai TiO2, sai ga siririn layi kore a ciki, kamar hasken rana da ya ratso ɗaki mai ƙura. Ba ko'ina ba: a ɓangaren da ya girma ta tsinin dala layin ya fito sosai, ta wajen bango kuwa da ƙyar. Masu bincike a cibiyar kiristal ta Karkif a Yukiren, waɗanda suka daɗe a kan KDP mai TiO2, sun ba da rahoton haka, cewa ƙwayoyin sun fi shiga ta fuskokin dala. Don kada tsaga ko kumfar ruwa ta yaudare ni, na wanke bayan kiristal ɗin, na yanki ɓangaren dala na narkar a tataccen ruwa, na sake haskawa. Gishiri ya narke, layin bai ɓace ba. Na mai tsabtar da na narkar haka bai nuna komai ba. Malamin da ke duba aikina ya fi daɗewa a kan wannan hoton fiye da duk shafukan da aka turo. A kula dai, lesar nan ba abin wasan yara ba ce, tana lahanta ido, a kulle nake ajiye ta.

Na kai wa Alhaji sharhin nan na ja layi a ƙarƙashin ZnO ɗin. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce shi awo ya sani, rubutun wani malami ne can yake yi, ɗalibai kuma su ke roƙo a haɗa musu da shi. Na yarda da shi. Amma har yanzu sharhin yana cikin jerin farashin da ke manne a bango, kuma ranar da na je karɓar sakamakon SEM na tarar da wata ɗaliba tana ƙirga dubu 10 ɗinta. Na ja ta gefe muka yi magana, ta ce lokacin miƙa aiki ya matso, ta biya.

Zan ci gaba da sayen kaya a wurinsa, zan kuma ci gaba da ba shi aike, da sharaɗin da yanzu nake rubutawa da jan biro a bayan kowace ambulan: kada a daka sai wanda na ce, kada a narkar, a turo ɗanyen alƙaluma, a faɗi sunan na'ura da saitinta, a dawo da ragowar samfur. Da safe ake samunsa, bayan azahar yaron ne kawai, shi kuwa komai ka tambaya “akwai” zai ce. Abin da ya rage mini shi ne adadin titaniyam ɗin da ya shiga, wanda sai na'urar ICP mai gano ɓurɓushi. Alhaji ya ce ba ya da hanyarta tukuna, yana tambaya, kuma ba zai karɓi kuɗina ba sai ya ji daga bakin mai na'urar cewa za ta iya narkar da TiO2 ɗin kafin awo. Kiristal na huɗu yana cikin injin ƙyanƙyasa, yau kwanansa 19, na ajiye masa ɓangaren dalar.